Sallar Yaya a Ɗakin Albasa

Ni na riga Yaya ganin al'ada, alhali ta girme ni da shekara biyu. Ina da sha uku, tana da sha biyar. Ranar da abin ya zo mini ban gaya wa kowa ba sai ita, don ɗakinmu ɗaya, kuma ta karance babin haila a littafin fiƙihu tun ni ina fama da wasan 'yar tsana. Ta yanka mini tsumma daga wani tsohon zani, ta nuna mini yadda ake naɗewa da yadda ake wanka, dalla-dalla, kai ka ce ta shekara goma tana yi. Da ta gama sai ta zauna a bakin gado ta ce mini ita fa ba ta taɓa gani ba. Na yi dariya, na ɗauka zolaya ce. Sai na ga tana murza bakin zaninta, ba ta ɗago kai ba.

Yaya tana da shekara sha ɗaya ciwon kai ya kama ta, ba irin wanda ake ɗaure goshi da ɗankwali ya wuce ba. Da safe sai amai, tafiya sai tangaɗi, ta dubi buta ɗaya ta ce biyu take gani. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an kai ta asibitin garinmu Birnin Kebbi, suka ce sai Sakkwato. A lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, duk abin da ya fi ƙarfin gari can ake kai shi. Sakkwato kuma suka ce sai kudu. Baba fataucin albasa yake yi zuwa Ikko, ya san hanya, yana da masauki. Shi da Inna suka tafi da ita, aka bar ni wajen kakarmu wata biyar. A can aka gano ƙari ne a cikin kai, ciwon daji. Aka yi mata aiki, sannan aka yi makonni ana kwantar da ita a ƙarƙashin wata na'ura ana gasa wurin. Ta ce mini abin ba zafi. Abin da ta tsana shi ne a zana mata alama a fatar kai, a ce kada ta motsa, kowa ya fita a ja ƙofa a bar ta ita kaɗai.

Ta dawo da ranta, bayan mutane da yawa sun cire tsammani. Sumarta da ta zube ta sake fitowa, sai wani ɗan fili a ƙeya da bai ƙara tsiro ba, mai kitso takan ja kalaba ta rufe shi. Tsawonta ya tsaya wuri ɗaya. Na kamo ta, na wuce ta, har baƙi suna ɗauka ni ce babba, ni kuwa da rashin ta-idona ina jin daɗi. Ƙirjinta ya ɗan tasa ya tsaya. Kowa ya ce jinya ce ta cinye ta, a ba ta lokaci za ta murje.

Yaya 'yar fari ce. A gidajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna wa mutane ta damu da shi. Inna ta riƙe wannan kunya fiye da kowace mace a unguwarmu. Matar da ta yi wata biyar tana kwana a ƙasa kusa da gadon asibiti saboda yarinya, ta dawo gida ba ta iya ce mata zo ki ci abinci, sai ta ce mini in gaya wa waccan tuwo na hucewa. Ni ce 'yar aike a tsakaninsu, ko suna zaune a kan tabarma ɗaya. Wannan matsayi ya kumbura mini kai, ina ganin duk abin da ke gidan ta bakina yake bi.

Tunda ba ta iya tambaya, Inna sai ta koma kallo. Kallon buta take yi da tabarmar salla. Idan aka kira azahar ta ga Yaya ta ɗauki buta, sai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da aikinta. Wata ya bi wata, Yaya ba ta ajiye salla ba ko rana ɗaya. Da na fara ajiye tawa, kallon ya ƙaru. Yaya ta lura, don ba abin da ke wuce ta. Wata rana muna tsintar shinkafa a bayan ɗaki ta ce mini tana jin tsoro. A ganinta idan aka gane jikinta bai yi daidai ba, za a ce ciwon ne ya dawo, a sake mayar da ita ɗakin nan mai na'ura. Ta ce gara ta mutu a gida. Hawayenta na ɗiga a cikin faifai, tana sa yatsa tana ture shinkafar gefe don kada ta jiƙe.

Dabarar tawa ce. Ina so wannan ya fito fili, domin daga baya Yaya ta sha cewa mu biyu muka ƙulla, kuma ba haka ba ne. Ni na ce mata abin ai mai sauƙi ne: duk lokacin da nawa ya zo, ita ma ta ajiye salla a idon mutane kwana shida, ta riƙa yin abarta a ɓoye, kafin nata na gaskiya ya zo. Har ina yaba wa kaina wayo.

Abin da ban sani ba a lokacin, kuma Yaya ma ba ta sani ba, shi ne ranar da za a sallame su a Ikko wata nas mai jin Hausa ta ja Inna gefe. Ta gaya mata cewa gashin na'urar da aka yi wa kan yarinyar yakan taɓa girman mace. Idan ta kai sha biyar ko sha shida ba ta ga al'ada ba, a dawo da ita, akwai maganin da ake bayarwa. Inna ba ta gaya wa Baba ba, don ba maganar da mace ke yi da namiji ba ce. Ba ta gaya wa Yaya ba, don 'yar fari ce. Ta ƙulle abin a cikinta shekara huɗu tana ƙirga watanni ita kaɗai.

Kwana biyu da fara dabararmu, Inna na tankaɗe a tsakar gida, ta kira ni ba tare da ta dube ni ba.

"Ke, waccan tana salla kwanan ga?"

"Ta aje, Inna. Yau kwana biyu."

"Da idonki kinka gani?"

"Ni nab ba ta tsumma."

Ta ajiye rariya, ta shiga ɗaki ta daɗe. Washegari ta jiƙa shinkafa ta yi waina mai yawa, ta sa aka rarraba wa maƙwabta sadaka, ba ta gaya wa kowa dalili ba. Na ci wainar nan har na yi nak, ina ƙyafta wa Yaya ido.

A ƙarshen gidanmu akwai wani ɗaki da Baba ke baza albasa kafin a ɗora a mota. A nan Yaya ke sallarta ta ɓoye. Takan yi alwala a makewayi kamar wanka ta shiga, ta zagaya ta bayan rumbu, ta ture albasa da ƙafa ta sami wurin goshi. Ni ce mai gadi, ina zaune a bakin ƙofa ina yi kamar ina ware ruɓaɓɓu. Takan fito tana warin albasa, in toshe hanci in ce mata mala'iku ma sun gudu. Da azumi abin ya fi ban dariya. Sai a zuba mana abincin rana mu biyu a matsayin marasa azumi, mu shige ɗaki, in cinye nawa in cinye nata, ita tana zaune da azuminta a baki. Bayan salla kuma ta rama kwana shidan da ba ta sha ba, don kada a gane. Ba wanda ya kai Yaya azumi a gidanmu, har Baba.

Muna cewa wata mai zuwa jinin zai zo. Sha shida ta wuce, sha bakwai ta wuce. Ƙarya idan ta daɗe sai ta zama aikin gida kamar shara, ba ka ma tuna ranar da ka fara. Na shiga kwalejin horon malamai mata, aka koya mana yadda jikin mace yake aiki, malama ta zana a allo. Ina zaune a aji na gane abin da rashin al'ada ke nufi ga haihuwa. Da na zo hutu na ce wa Yaya mu faɗa. Ta ce yanzu da wane baki, bayan shekara uku? Kuma tsofaffi na cewa aure na buɗe jikin mace. Na karɓi wannan magana hannu biyu, saboda ta sauƙaƙa mini. Da na so, da na tafi wajen Inna ni kaɗai, tunda kullum ni ce mai kai magana. Tsoron faɗa ne ya hana ni, ba wani abu ba.

Tana da sha tara ta yi aure a Argungu. Ita ta zaɓi mijinta, wani Bakabe malamin firamare mai gonar shinkafa a fadama, mutum mai sanyin magana da yawan barkwanci. Yakan ce ya zo har Birnin Kebbi ya ɗauke mafi ƙanƙantar matan garin don kada ta cinye masa shinkafa. Yaya ta yi kyau a gidansa. Idan na je ziyara sai ta yi mini miyar kifi, ɗanye daga gulbi, mu zauna a inuwar darbejiya tana ba ni labarin matan unguwa. Yaran maƙwabta sun mayar da ɗakinta wajen wasa, kullum da wani a bayanta a goye. Tana son haihuwa so na fitar hankali, ba ta kuma ɓoye ba. Ta taɓa nuna mini wasu 'yan riguna da ta ɗinka da hannu, ta ce in ba na so in ga ɓacin ranta kada in yi dariya.

Can ma ta ci gaba da ajiye salla kwana shida a wata. Mijin na makaranta da rana, sai ta yi abin da za ta iya, sauran ta rama idan ya fita. Shekara huɗu ba ɓatan wata. Uwar mijinta, mace mai kirki, ta kawo saiwoyi da sassaƙe, ungozoma ta zo ta matsa ciki ta ce mahaifa ce ta juya. An sha jiƙo, an sha rubutu. Kowa cikinta yake dubawa, ba wanda ya tuna da kanta, tunda a saninsu wata-wata take gani kamar kowace mace. Ni kuwa na yi aure, ko shekara ban rufe ba na sami ciki. Na yi wata huɗu ina ɓoye mata, har ta ji a bakin wasu, ta aiko mini da busasshen kifi da saƙon cewa ni sakarya ce.

Mijinta ne ya matsa a je asibiti Sakkwato. Inna ta ce za ta raka su, abin da ya ba kowa mamaki. Aka ce in bi su saboda ina jin Turanci, ko za a buƙaci tafinta. Muka shiga mota a tasha da safe, muka tsaya Argungu muka ɗauke su. Cikina wata shida, ina zaune a tsakiya, Inna a dama, Yaya a hagu.

Likitar mace ce, baƙuwa, ba ta jin Hausa. Mijin Yaya ya tsaya a waje, mu uku muka shiga. Tambayarta ta farko bayan shekaru ita ce yaushe rabon Yaya da al'ada. Na juya tambayar da Hausa. Na riga na shirya amsa a bakina, kwana goma sha biyu, don na san lissafin ƙaryar fiye da mai ita. Yaya ta dube ni, ta dubi cikina.

"Hwaɗi mata gaskiya. Ni ban taɓa gani ba, ko sau guda."

Inna ba ta motsa ba. Ban iya duban inda take ba, sai hannunta na gani a kan gwiwa, ya damƙe bakin mayafi.

Likita ta duba Yaya a bayan labule, ta ga tabon da ke ƙeya, ta yi tambaya, na ba ta labarin Ikko. Sai ta ja kujera ta yi mana bayani a hankali, ni ina juyawa. Ta ce a ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan abu, bai fi ƙwayar wake ba, shi ke aika wa ƙwan mace da mahaifa saƙo cewa lokaci ya yi. Gashin da ya kashe ciwon ya raunana shi, saƙon ya daina zuwa. Wataƙila ƙwai suna nan lafiya, suna jira ne kawai. Daga nan ta yi wata tambaya da ban juya ba. Inna ta lura.

"Mi tac ce?"

Na ce ba kome. Ta maimaita tambayar, a karo na farko ta dube ni ido cikin ido. Na ce likita na tambaya ne me ya sa ba a kawo ta ba tun tana sha biyar, ko ba a gaya wa iyayenta ba a can.

"An ce in maido ta," in ji Inna. "Ni anka gaya ma, can kudu. Nag ga ta aje salla, nac ce Allah ya yaye muna."

Wannan ma sai da na juya wa likita da Turanci, da bakina.

An ɗauki jini, an yi hoto, muka koma bayan makonni. Mahaifar Yaya ta tsaya ƙarama, kamar ta yarinyar da ba ta balaga ba. Likita ta rubuta ƙwayoyi, ta ce za su kawo al'ada su kuma kare mata ƙashi, amma ba su ke kawo ciki ba. Akwai allurai masu tayar da ƙwai, ba a samun su a nan, ko an samu kuma ba ta yi alkawari ba. Na tambaye ta don kaina, ba wanda ya aike ni: da an zo tun farko fa? Ta ce ba za ta iya cewa da ta haihu ba. Abin da ta sani shi ne da jikin ya samu ya girma a kan lokacinsa, kuma da an fara nema da wuri. Na so ta ce mini ko da an zo ba abin da zai canja. Ba ta ce ba, kuma na ji haushinta, alhali gaskiyarta ta faɗa.

Inna ba ta taɓa yi mini faɗa a kan wannan magana ba, har ta bar duniya. Da ta zage ni, ko ta ɗaga hannu ta mare ni da cikina, da na sami sauƙi. Abu ɗaya ta ce, a mota, bayan mun sauke su Yaya mun kama hanyar Birnin Kebbi. Tana kallon gonakin shinkafa ta taga ta ce da ta sani, da ta tambayi waccan da bakinta. Ba da ni take ba.

Yadda Yaya ta gaya wa mijinta, nasu ne. Abin da na sani shi ne bai sake ta ba, bai kuma canja mata fuska ba. Ta ce abin da ya fi yi masa ciwo shi ne shekara huɗu tana salla a ɓoye a cikin gidansa kamar mai sata. Ta fara shan ƙwayoyin, ta ga jininta na farko tana da shekara ashirin da uku. Ta ce mini ranar da aka kira azahar ta miƙe ta ɗauki buta, sai ta tuna yau da gaske ne, ta zauna ta rasa abin da za ta yi da hannuwanta. Daga baya mijin ya kai ta kudu sau biyu aka gwada alluran. Ba a dace ba.

Na haifi mace. Yaya ta zo suna, ita ta yi ta hidima da baƙi, ita ta riƙe jaririya aka yi mata aski. Ni kuwa duk lokacin da na ba yarinyar nono a gabanta sai in ji kamar in ɓuya. Tun a wannan mako na yanke abin da zan yi, na shawo kan mijina a hankali har ya yarda.

A wajenmu idan za a yaye yaro akan kai shi gidan kaka ko wata 'yar'uwa ya yi kwanaki har ya manta nono. Da lokaci ya yi na ce Argungu za a kai ta. Na haɗa mata kaya, ba na kwanaki ba, duk abin da ta mallaka na zuba a jaka, har da katin rigakafinta da rigunan da ba ta kai sawa ba. Na kai ta da kaina. Yaya ta karɓi jakar, ta ɗaga ta ta ji nauyinta. Na dawo gida nono na yi mini zogi, ina kuka a mota, amma a ƙasan kukan akwai wani sanyi da na daɗe ban ji ba. A raina na gyara abin da na ɓata.

Bayan mako uku, da hantsi, ina shanya a tsakar gida sai ga sallamar Yaya. Yarinyar na goye a bayanta, ta yi ɓul-ɓul, an yi mata kitso ƙanana da lalle a tafin ƙafa. Jakar na hannunta. Ta kwance goyon ta miƙo mini, ta ce ta manta nono, tana cin tuwo da miyar kifi, sai dai a kula da ƙaya. Na ƙi karɓa. Na ce mata ba yaye na kai ba, na ba ta ita ne har abada, mijina ya sani, Inna ma ta sani. Na ce ta bar ni in yi wannan ɗaya.

Yaya ta zaunar da yarinyar a kan tabarma, ta gyara mata wuyan riga.

"Na sani tun randa nag ga jakar," ta ce. "Ina son ta, Allah ya sani. Amma ni ba taki nika so ba. Tawa nika so."

Ba ta faɗa da zafi ba. Ta sha ruwan da na kawo mata, ta ƙi zama cin abinci, ta ce tana so ta sami motar Argungu kafin rana ta yi. Na raka ta bakin ƙofa. Yarinyar ta biyo mu da gudu tana kuka tana miƙa mata hannu, na ɗauke ta na riƙe, tana ta zillewa. Yaya ta ja mayafinta ta bi lungu da saurinta, ba ta waiwayo ba.